Kofin da Kawu Bai Sha Ba

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidan Kawu da ke unguwar Madinat Khalifa a Doha, maza a falon waje, mu mata a ciki. In sun gama addu'a can, sai wasu su matso bakin labule su yi wa Anti, matar Kawu, ta'aziyya. Ni ce a kusa da ƙofa ina miƙa shayi da dabino, don haka kusan duk abin da aka faɗa ya shiga kunnena.

Wani likita ɗan Sakkwato, babban mutum da furfurarsa, ya fara magana tiryan-tiryan sai murya ta ƙi. Da ƙyar ya iya cewa ranar da ya sauka Doha bai san kowa ba, Kawu ne ya je filin jirgi ya ɗauko shi, kuma har suka iso gida lacca yake yi masa a kan yadda ake dafa shayi ba tare da an kashe shi ba. Muka yi dariya, hawaye na zuba. Bayansa wani direba ɗan zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Mansura ya durƙusa ya ƙi tashi.

"Hajiya, mutumin nan baba na ne," in ji shi. "Ranan da kafil na, ubangidan da ya kawo ni ƙasan nan, ya ce khalas, in fita mishi daga ɗaki, Injiniya ne ya zo da motan shi ya kwashe kaya na. Wata biyu ina kwana gidan nan. Bai taɓa tambaya na yaushe zan tashi ba."

A rana ta biyu na ji ɗaya maganar, wadda na san sai an yi ta. Wasu mata biyu ne a ƙuryar ɗaki, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus.

"Ba shi ne aka ce yana yawon gidajen giya a Turai ba?"

"Ke, rufa mana asiri. Allah dai Ya yafe masa."

Na ajiye butar shayin. Amma ba su ne suka fi yi mini ciwo ba. A kwana ukun nan wayar Anti ba ta huta ba, daga Kano, daga Jidda, har daga Landan. Mutum ɗaya ne bai kira ba: Kawu Babba, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, da ke Zariya. Shekara huɗu ke nan ba ya magana da ƙaninsa saboda wani hoto. Ni na ɗauki hoton, ni na tura shi, kuma ni ce na san gaskiyar abin da ke cikinsa na yi shiru. Shi ya sa na zauna yin wannan rubutu, don kada Kawu ya tafi da sunan da ba nasa ba.

Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Babba, sai Kawu, sai Ummata. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka duka kawunnan nawa "Uwata" suke ce mini. Da na samu aikin harhaɗa magunguna a Doha, a gidan Kawu na sauka, na yi shekara guda cur kafin maigidana ya iso. A wannan shekarar na san shi sosai.

Kawu mutum ne mai hanci. Ba a miƙa masa abu ya kai baki kai tsaye. Tuwo, lemo, sabon littafi, jaririn da aka kawo masa ya yi wa addu'a, duk sai ya sunsuna tukuna. Anti takan ce, "Injiniya, miyar kuka ce fa, ci ake yi, ba turare ba ce." Shi kuma ya ɗaga yatsa ya ce daddawar ta kwana biyu a firij, kuma sai a duba a tarar hakan ne. Abin yana ba ta haushi, mu kuma yana ba mu dariya.

Aikinsa tace gas ne a manyan matatun da ke arewacin ƙasar nan, ya fi shekara ashirin a kai. Amma in kana son ganin fuskarsa ta washe, ka same shi ranar Juma'a da hantsi a ɗan sito na bayan kicin. Can ya ajiye wata tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, wuyan ya lanƙwaso ya zama siririn bututu ya bi ta cikin bokitin ruwan sanyi. Zai zuba busasshen furen wardi da ya sayo a tsohuwar kasuwa, ya ƙara ruwa, ya kunna wuta kaɗan-kaɗan, ya ja kujera ya zauna. Tururi ya hau, ya huce a bututu, ya fara ɗiga ɗis, ɗis a kwalba. Na farkon da ya ɗigo zubarwa yake yi, ya ce yana da kaifi. Na ƙarshen ma zubarwa yake yi, ya ce ya gaji. Na tsakiya kaɗai yake riƙewa, kuma da hanci yake gane inda tsakiyar ta fara da inda ta ƙare. Duk ƙanƙarar da Anti ta daskarar don baƙi a bokitin nan take ƙarewa, kuma duk Juma'a sai an yi wannan rigimar kafin a tafi masallaci.

Ruwan wardin bai taɓa sayar da shi ba. A ƙananan kwalabe yake ɗurawa, ya kai wa mai jego, ya kai wa amarya, ya kai wa wanda ke kwance a asibiti ya ce a riƙa shafa masa a goshi. Akwai gidajen Hausawa da yawa a unguwannin Mansura da Fereej Abdel Aziz da har yau in ka buɗe kabad za ka ga kwalbarsa.

Ni na tambaye shi inda ya samo wannan son, wata Juma'a muna jiran ɗigon farko. Ya ce tun yana ɗalibi a Scotland ne. Malaminsu ya kwashe su ya kai su wata ƙaramar matatar wiski don su ga yadda ake tacewa da tukunya irin ta da. Shi ya ƙi shiga, ya tsaya a waje ruwan sama na dukansa. Wani tsohon ma'aikaci ya leƙo ya ce masa babu mai ɗura masa komai a baki, ya shigo ya ga tukunya kafin sanyi ya kashe shi.

"Uwata, da na shiga sai na manta da sanyin," in ji Kawu. "Tukunya ce ta fi ɗakin nan tsawo, ja wur, tana numfashi. Tsohon nan ya kara kunnensa a jikinta ya ce a rage wuta. Mu a wurin aikinmu kwamfuta ce ke gaya mana komai. Shi kunne da hanci kawai."

Tun daga nan, duk hutun shekara sai ya raba shi biyu. Kaso mafi tsoka na Zariya ne. Mako guda kuma na abin da Anti ta sa wa suna yawon tukwane. Ya hau duwatsun Oman ya ga masu tace wardi a tukwanen ƙasa, ya dawo tufafinsa na ƙamshin hayaƙi. Ya je Ɗa'if a lokacin fure. Wasu shekarun kuma ya koma Scotland wurin tsofaffin abokan karatunsa, su yi hayar mota su bi ƙauyuka daga wannan matata zuwa waccan, yadda masu yawon buɗe ido ke yi a can. Suna rububinsa, don shi ne ba ya sha, shi ke tuƙi. Yakan ce su sukan dawo ba su tuna komai ba, shi ya dawo da littafi cike da zanen wuyan tukwane.

Sau ɗaya na bi shi. An tura ni ɗan gajeren kwas a Glasgow, ya yi daidai da makonsa, abokansa kuma ba su samu zuwa ba a wannan karon. Ya ce in zo in ga ƙasa. Kwana uku muka yi a yankin kogin Spey, hanyoyi ƙanana, tumaki ta ko'ina, ruwa garai-garai yana gudu a kan duwatsu. Tun kafin ka hango matata za ka ji warin jiƙaƙƙen sha'ir, kamar gasarar da ta kwana. A matatu biyun farko a mota na zauna, na naɗe hannu cikin hijabi na ce ƙafata ba za ta taka ba. Bai matsa mini ba. Da azahar ta yi ya shimfiɗa rigar sanyinsa a bakin rafi ya ja mu sallah, tumaki na kallonmu.

Ta ukun ƙarama ce, wata mata da ƙaninta ke riƙe da ita, tukwane biyu kacal. Kawu ya shiga, bai jima ba ya dawo da sauri kamar yaro.

"Uwata, don Allah zo ki ga wuyan wannan. Minti biyar. Yalla."

Na shiga. Ba zan yi ƙarya ba, tukwanen sun yi kyau. Matar ta zagaya da mu tare da wasu baƙi, ta nuna inda ake jiƙa sha'ir, da ɗakin gangunan katako da ake ajiye abin ya shekara da shekaru. Kawu ya dame ta da tambayoyi har ta gane wannan ba baƙon banza ba ne. A ƙarshe aka jera ƙananan kofuna don ɗanɗano. Kawu ya ɗaga hannu ya ce shi direba ne, kuma Musulmi ne, dalili biyu ke nan. Matar ta yi dariya ta ce to ba sai ya sha ba, ya sunsuna kawai ya gaya mata abin da ya ji. Ya ɗan yi jim, sannan ya karɓa. Ya kai kofin hanci, ya lumshe ido, ya ce akwai zabibi, akwai hayaƙi kaɗan, kuma ranar da aka tace wannan an yi wa tukunya gaggawa. Ƙanin matar ya dafe kai ya ce tabbas haka aka yi, aka kwashe da tafi. A daidai lokacin da kofin ke bakin hancinsa na ɗauki hoton, don yadda fuskarsa ta yi kyau. Ya ajiye kofin yadda aka ba shi, ya je ya wanke hannu, ya nemi shayi.

Muka koma mota, muka kama hanya. Can ya ce, "Ba na ce daidai ba ne, Uwata. Wurin ba namu ba ne, na sani. Tukwanen ne ke ja na. Astagfirullah."

Washegari da safe muna filin jirgi na zaɓi hotunan tafiya gaba ɗaya, tumaki da kogi da duwatsu, na watsa a guruf ɗin gidanmu. Ban duba ɗaya bayan ɗaya ba. Guruf ne mai mutum sama da hamsin, da 'ya'ya da jikoki da surukai. Kafin in lura har an gani: Kawu da kofi a fuska, ido a lumshe, ganguna jere a bayansa. Na goge, amma aikin gama ya gama.

Ba a yi awa ɗaya ba Kawu Babba ya turo saƙon murya, a guruf ɗin, gaban kowa. Ya ce ashe abin da ke kai ƙaninsa Turai ke nan. Ya ce ya gode wa Allah da iyayensu ba su ga wannan rana ba. Ya ce daga yau kada ya ƙara kiransa Yaya.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya sa wayar a aljihu. Ni kuwa kuka nake yi a gaban mutane.

"Kawu, bari in kira shi yanzu in yi masa bayani."

"A'a. Yaya ya yi magana. Ba a mayar wa Yaya magana. In ya huce zai neme ni, sai in ba shi haƙuri."

"Amma ai ba ka sha ba!"

"Na riƙe kofin ko ban riƙe ba?"

Sai ka san gidanmu za ka gane wannan. Mahaifinsu ya rasu Kawu yana ɗan shekara shida. Kawu Babba ne ya riƙe shi, shi ke goya shi a keke ya kai shi makaranta, shi ya zaɓa masa mata. Kawu yana da furfura, yana da injiniyoyi a ƙarƙashinsa, amma in Kawu Babba ya kira waya, tsaye yake miƙewa ya cire hula ya amsa.

Daga wannan shekarar bai sake taka Scotland ba. Zariya kuwa bai fasa ba. Duk hutu, ranar da ya sauka zai je gidan Kawu Babba ya yi sallama a zaure. Kawu Babba ya amsa sallamar, don ita wajibi ce, sannan ya ɗauki butarsa ya shige ciki. Kawu ya zauna a tabarma daga la'asar har a kira magariba, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Shekara huɗu haka. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya kare kansa ba.

Ni fa? Na gaya wa Umma komai. Ta ce ta yarda, amma maganar manya ce, in tsame bakina. Na tsame. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na ji daɗin da ta ce haka. In na ba da shaida, dole in ce ni ma na shiga wurin da hijabina, dole Kawu Babba ya san Uwarsa ta taka gidan giya. Tsoron wannan ne ya rufe mini baki, na laƙaba masa sunan ladabi. Kawu bai taɓa yi mini gori ba. Ranar Juma'a in na je, zai miƙo mini kwalba ya ce in sunsuna in gaya masa ko an kai tsakiya, kamar babu abin da ya faru. Sai dai duk sanda wayarsa ta yi ƙara, da sauri yake duba sunan, sannan ya amsa a hankali.

Ciwon zuciya ne, bai yi mako biyu a asibiti ba. Ranar da na gan shi ta ƙarshe, da yamma ne, an kawo masa shayi. Ya sunsuna ya ture, ya ce waɗannan mutane sun iya allura amma sun kashe shayi. Muka yi dariya. Sannan ya ce, "Yaya ya san ina kwance?"

"Umma ta gaya masa."

"To, madalla," in ji shi. Ya jawo wayar ya ajiye ta kusa da matashin kansa.

Da hantsin washegari ya cika. A nan Doha aka binne shi bayan la'asar, kuma maigidana ya ce sahun ya ba shi mamaki, Hausawan Najeriya da na zango da Larabawa da Indiyawan wurin aikinsa. Ya Allah, bawanka ne mai son abu mai tsabta, Ka wanke shi tas, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka sanyaya masa makwanci, Ka ba Anti juriyar zama a gidan da babu shi.

Ranar bakwai, bayan na idar da la'asar, na zauna a kan sallaya na kira Zariya. Ban gaya wa Umma ba. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin Kawu Babba ya ɗauka.

"Uwata."

Muryar ta tsufa fiye da yadda na san ta. Na yi masa gaisuwa, ya amsa a taƙaice. Na ce ina da magana, ya ce yana ji. Na faɗa masa duka: ni na ɗauki hoton, ina tsaye a wurin, ni ma na shiga. Na ce wallahi tallahi ko ɗigo bai taɓa leɓensa ba, a ranar ko kafin ranar, sunsunawa kawai ya yi ya ajiye ya wanke hannu. Na ce ya yi istigfari a mota, kuma bai sake komawa ba har ya mutu.

Da na gama, sai ya tambaye ni.

"Kina wurin lokacin?"

"Ina wurin, Kawu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro na ji. Kuma ba ka tambaye ni ba."

"Shi ma ban tambaye shi ba," in ji shi. Na ji ya ja numfashi. "Duk zuwan da yake yi, in na shiga ciki ba nisa nake yi ba. Ina nan bayan ƙofar zaure a tsaye. Jira nake ya ce, Yaya, wallahi ban sha ba. Shi ke nan abin da nake jira. Da ya faɗa da na fito."

"Shi kuma jira yake ka huce ka neme shi. Ya ce ba a mayar maka da magana."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakin Kawu Babba ba, tsoho ɗan shekara tamanin yana kuka kamar an danne masa ƙirji. Na riƙe wayar da hannu biyu. Da ya samu murya, ba da ni yake magana ba sosai.

"Ni na koya masa haka. Yana ƙarami, in na yi faɗa ya buɗe baki, da bulala nake rufe shi. Na ce masa ko yana da gaskiya ya yi shiru." Ya tsaya, ya sake jan numfashi. "Uwata, yaron nan ya cika jin magana."